ICU na masu ciwon jijiya: aiki kam sun iya, bayani ne sai a hankali

Ƙanina aka kwantar a wurin, wato sashen kulawa ta musamman na asibiti, ciwon Guillain-Barré, wanda garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa jijiyoyin mutum. Da gudawa ya fara, bayan ya warke sai ƙafafu suka saki, abu ya dinga hawa sama har numfashi ya gagara aka jona masa na'ura.

Magani sun ba da shi kan lokaci, IVIG (sinadaran garkuwar jiki da ake sa wa ta jijiyar jini) na kwana 5. Amma abin da ya burge ni da su lissafin ruwa ne wallahi. Duk abin da ya shiga jikinsa da fitsarin da ya fita sai nas ta auna ta rubuta, kullum da safe a ɗebi jini a duba sodiyam, wato gishirin jini, kuma ba a banza ba don nasa ya faɗi ƙasa da 130 alhali daidai shi ne 135 zuwa 145. Likitar ta ce masu wannan ciwon idan ya yi tsanani hakan na yawan samunsu, sinadarin ADH da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa ne ke yin yawa, sai ruwan ya tsinka gishirin jini. Shi yasa suka rage masa ruwa, kuma ba su yi gaggawar ɗaga sodiyam ɗin ba don idan ya hau da sauri shi ma yana lalata ƙwaƙwalwa. Sai da suka auna fitsari ma tukuna, wai akwai wanda gishirin ne ke zuba ta ƙoda, shi kuma ƙarin ruwa yake buƙata, IVIG ɗin kansa ma yakan sa sakamakon gwaji ya sauka. Ga jini yau ya hau gobe ya faɗi, zuciya na gudu, duk suna ankare.

Inda suka gaza shi ne yi wa mu masu jinya bayani. Ba wanda ya zaunar da mu, Umma tana ganin leɓen ɗanta ya bushe an hana ruwa ta ɗauka mugunta ce, har kuka ta yi, nas ɗin dare kuwa amsarta ɗaya, haka likita ya rubuta. Sai da na tare likitar a ƙofa na ce ranki ya daɗe don Allah me ake ciki, sannan muka ji wannan bayanin da bai fi minti biyu ba. Tauraro 4 na ba su, ɗayan na bayanin ne na cire.