Bibiyar da aka yi wa Inna bayan aikin yanar ido

Aikin kansa bai kai minti talatin ba. An cire yanar, aka dasa mata gilashin roba a cikin idon, ranar muka koma gida. Sharhina a kan bibiyar da asibitin ya yi mana ne, wadda da farko na ɗauka ɓata lokaci ce.

Ranaku uku suka ba mu: washegari, bayan mako guda, sai mako na huɗu. A zuwan farko wata nas ta zaunar da ni ta ce in ciwo ya tsananta, ko idon ya ƙara ja, ko gani ya ragu farat ɗaya, kada mu kwana a gida, don ƙwayar cuta kan shiga cikin ido a kwanakin farko. Haka in Inna ta fara ganin walƙiya, ko duhu kamar an sako labule ta gefe. Ta sa na maimaita mata kamar ɗan makaranta. Na ji haushi a lokacin, yanzu ban ga laifinta ba.

Da mako na huɗu ya zo, Inna ta ƙeƙasa ƙasa. "Ɗan nan, ido ya washe, har zare nake zurawa a allura, me za mu je yi?" Da ƙyar na lallaɓa ta.

Aka auna matsin ruwan idon, ya kai 29, alhali daidai shi ne tsakanin 10 da 21. Ita kuwa ko a jikinta. Likitan ya ce, "Mama, ai wannan ba ya sallama." Ashe maganin ɗigawa mai sitiroyid, wanda ke kwantar da kumburi, shi ke ɗaga matsin ga wasu mutane bayan 'yan makonni, in an daɗe a haka kuma jijiyar gani ce ke lalacewa. Ya sauya maganin, ya ƙara wani mai saukar da matsi.

Inda suka gaza: lambar gaggawar da suka ba mu, sau uku na kira ran da idon ya yi ta hawaye, ba wanda ya ɗaga. Takardar ƙa'idojin kuma rubutunta mitsi-mitsi, wai ga wanda aka yi wa aikin ido!

Mun koma bayan kwana goma, matsin ya sauko 17. An rubuta a katinta cewa sitiroyid na ɗaga mata matsi, saboda ɗaya idon na nan yana jiran nasa aikin.