Kantin maganin da sai ya tambaye ka kafin ya sayar maka

Akwai wani kantin magani a wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina da na mayar wurin sayen maganin Hajiyarmu tun da aka tabbatar mata da hawan jini da ciwon suga. Ba zan faɗi sunansa ba don kada a ce talla nake yi, kuma akwai abubuwan da zan soka a kansa. Daga gidanmu a Ƙofar Marusa sai na wuce kemis da dama kafin na isa can. Maganinsa ya ɗan fi na wasu wurare tsada, ana kuma jira. Duk da haka ban canja ba, saboda malamar da ke kula da wurin, wadda ta karanta harhaɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Zuwana na farko da takardar likita, kafin ta taɓa kwali ko ɗaya sai ta ce, "Malam, bayan waɗannan, me Hajiya take sha a gida?" Na ce ƙwayoyin ciwon gwiwa ne kawai, sai na mura idan ta kama ta. Ta ce in tattaro duk abin da ke ɗakinta mai sunan magani, har na gargajiya, in zubo a leda in kawo, in da hali in zo da Hajiyar. Da muka zo ta baje su a kan tebur tana ware su. A ciki akwai diclofenac da Hajiya take sha kusan kullum, da wani ƙullin ƙwayoyi masu launi-launi da ba su da suna, irin haɗin da masu yawo da magani a tire suke sayarwa. Ta yi wa Hajiya bayani a natse cewa diclofenac da 'yan'uwansa irin su ibuprofen suna ɗaga hawan jini, suna rage aikin maganin da likita ya rubuta, suna cin ciki, kuma suna wahalar da ƙoda, alhali ƙodar mai ciwon suga dama a cikin haɗari take. Haɗin kuwa ta ce a zubar, don sau da yawa ana saka dexamethasone a irinsa, shi kuma yana tayar da suga. Ta kuma nuna mana cewa maganin murar nan yana ɗauke da paracetamol a cikinsa, don haka wanda ya sha shi ya ƙara da paracetamol daban ya ninka ba tare da ya sani ba, kuma hanta ce take biyan kuɗin.

Abin da ya fi burge ni shi ne ta san inda aikinta ya tsaya. Hajiya ta nuna mata ƙafarta da ta kumbura a idon sawu. Ta ce amlodipine, maganin hawan jininta, yakan jawo haka, amma ba ta ce a daina ba, ba ta kuma canja shi da wani ba. Ta rubuta 'yar takarda ta ce mu kai wa likitan da ke ganinta a Asibitin Koyarwa na Tarayya, shi zai duba ko kumburin na magani ne ko na wani abu daban. A garin nan mun saba da mai kemis da zai auna ka, ya yanke maka ciwo, ya yi maka allura a bayan labule duk a tsaye ɗaya. Ganin wanda ya fi shi ilimi yana cewa "wannan na likita ne" ya ƙara mini yarda da ita.

Hajiya ba ta karanta boko, amma tana karanta ajami. Malamar takan rubuta mata lokutan sha a jikin kwali da ajami, ta ɗaura su a kan lokutan salla: wannan bayan asuba, wannan da abincin dare bayan magariba. Metformin, maganin suga, ta ce a tsakiyar cin abinci ko da an gama, don kada ya tayar mata da zuciya ko ya ɓata mata ciki. Idan ta gama sai ta ce, "To Hajiya, yanzu ke ki faɗa mini yadda za ki sha." Hajiya ta maimaita, inda ta kauce a gyara mata. Ni malamin makaranta ne, na san ɗalibi zai gyaɗa kai ya ce ya gane alhali bai gane ba, sai ka sa shi ya faɗa da bakinsa.

Tun watan Sha'aban ta fara tuna mana maganar azumi. Ta ce glibenclamide, ɗaya maganin sugan da Hajiya take sha, yana iya sauke suga ƙasa sosai idan ciki ba komai, don haka mu ga likita kafin a ga wata, ya tsara yadda za a sha ko ya canja. Ta koya wa matata alamomin: gumi, rawar jiki, jiri, yunwa mai tsanani, ko mutum ya fara magana ba kan gado. Ta ce in an ga haka a ba ta ruwan sukari nan take, kada a ce sai an sha ruwa. Hajiya ta ɗan yi gardama, ta ce ita ba ta karya azumi. Malamar ta ce, "Hajiya, Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame, ki tambayi malaminku." Ta kuwa tambaya.

Wajen yara ma haka take. Idan ka ce yaro na zazzaɓi ka ba ni maganin maleriya, sai ta tambayi ko an yi gwaji, don ba kowane zafin jiki ne cizon sauro ba. Idan gwaji ya nuna, takan bayar da haɗin artemether da lumefantrine gwargwadon nauyin yaro, ta nanata cewa sha shida ne cikin kwana uku, na biyu bayan awa takwas da na farko, kuma a ba shi da madara ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki sosai. Iyaye da yawa suna dainawa da zarar yaro ya tashi yana wasa, ita kuwa ba ta gajiya da cewa a ƙarasa. Akwai tsofaffin da har yau chloroquine suke nema, sai ta yi musu bayanin cewa tun 2005 Najeriya ta sauya shi saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa. Maganin ruwa na yara kuma ba ta yarda da cokalin gida, takan nuna layin da za a tsaya a murfin awo ko sirinji. Duk wanda ya tuna My Pikin, maganin haƙorin yara da ya kashe yara sama da 80 a ƙasar nan tsakanin 2008 da 2009 saboda gubar diethylene glycol, ba zai ga laifinta ba idan ta hana uwa sayen ruwan magani don kawai jariri na fitar da haƙori.

Ba kowa ke fita daga kantin yana murna ba. Na sha ganin wanda ya zo a ba shi kafso biyu na ja da rawaya don ciwon ciki, ta ce ba ta sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta a haka, ya kawo takardar likita. Wasu su fita suna cewa ta cika iyayi. A ganina gaskiya ce da ita, don wannan sha biyu a bari shi ne yake koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki. Samarin da ke neman tramadol ko maganin tari mai kodin sun riga sun san ba nan ba. Tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta yi da shigo da maganin tari mai kodin, amma duk ɗan Katsina ya san haramcin takarda bai isa ba sai mai kanti ya iya cewa a'a.

Ajiyarsu ma ta yi. Akwai firij mai aiki da sola da ma'aunin sanyi a jiki, a nan ake ajiye insulin, allurar masu ciwon suga, wanda yake son sanyin digiri 2 zuwa 8. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kowane kwali sai ta nuna maka lambar NAFDAC da ranar lalacewa, wanda ke da wurin kankarewa ta ce ka kankare ka tura lambar ta waya a gabanta don a tabbatar ba jabu ba ne. Lasisin PCN, hukumar da ke kula da masu harhaɗa magunguna, yana rataye a bango da shekararsa. Mutane da yawa ba su bambance irin wannan kanti da kemis na unguwa, alhali shi mai kemis izininsa na magungunan da ba su buƙatar takardar likita ne kawai. Ita kuwa ta yi shekara 5 a jami'a, ta ƙara shekara guda ta koyon aiki, kuma hukumar tana wajabta musu ci gaba da halartar horo don sabunta lasisi. Na ga amfanin wannan da idona: ta taɓa dawowa daga wani horo ta canja yadda take koya wa masu asma shaƙar magani, yanzu sai ta sa mutum ya gwada a gabanta.

To amma ranar da ta tafi irin wannan horo, ko ta fita sayen kaya Kano, kantin ya zama kamar kowane. Yaran da ke kan kanta suna da ladabi, sai dai miƙo kuɗi karɓi leda ne, ba tambaya ba bayani. Ya kamata mai wurin ya ɗauki masani na biyu, ko aƙalla a rubuta a ƙofa lokutan da take nan. Tsada kuma gaskiya ce, duk da ba duka laifinsu ba ne: tun da kamfanin magunguna na GSK ya sanar da rufe harkarsa a Najeriya a watan Agustan 2023, ga faɗuwar naira, magungunansa irin su Augmentin da Ventolin suka yi tashin gwauron zabo ko'ina. Abin yabawa, idan ka ce kuɗinka bai kai ba takan nuna maka wani mai sinadari iri ɗaya na wani kamfanin mai rajista, ba ta tura maka mafi tsada.

Babban ƙorafina shi ne rashin wurin sirri. Bayani duk a kan kanta ake yi, mutane na tsaye a bayanka suna ji. Na ga matar da ta fara magana, ta waiwaya ta ga maza, ta ce a ba ta paracetamol kawai ta fita, kuma fuskarta ta nuna ba shi ya kawo ta ba. Labule ɗaya da kujera biyu a kusurwa za su magance wannan, ga tsofaffi ma su samu wurin zama, don benci guda ne a wurin. Bayan magariba cunkoso ya fi yawa, mai son ta saurare shi da kyau ya je da hantsi, kuma ya riƙo takardar likita da duk magungunan da yake sha a gida.