Fina-finan tarihin hawa sararin samaniya: wanne ya cancanci memorinka da forfenka?

Kafin ka miƙa wa mai tura fim memorinka a Kasuwar Dole, ko ka ƙone forfen mako guda a dare ɗaya, tambayi kanka da wane kunne za ka saurari fim ɗin. Yawancin dokumentarin kirki da aka yi a kan 'yan sama jannati da Ingilishi aka yi su, mu kuwa a Damagaram Faransanci muka yi a lakwal. Akwai fim ɗin da hoto ne ke ɗauke da labarinsa, ko kalma ɗaya ba ka ji ba za ka bi shi har ƙarshe. Akwai kuma wanda gaba ɗayansa hira ce, idan babu fassara ka yi asarar kuɗinka. Bayan harshe sai ka duba wa ke ba da labarin, domin da yawa daga cikinsu Amurkawa ne suka yi su, kuma kowa gwaninsa yake yabo.

Wanda ya fi sauƙin shiga shi ne Apollo 11, na Todd Douglas Miller, wanda ya fito a 2019. Minti 93 ne, babu mai ba da labari, babu dattijon da aka zaunar a kujera yana tuna baya. Hotunan da aka ɗauka a watan Yulin 1969 ne kawai aka jera daga tashi zuwa dawowa, wasu daga manyan faya-fayen da suka yi shekara da shekaru a ajiye ba a taɓa nuna su ba, aka haɗa da muryoyin ɗakin kula da tafiyar, waɗanda aka tsamo daga sautin da ya haura awa 11,000. Yana buɗewa da wata ƙatuwar mota mai tafiya a kan sarƙa tana ɗauke da rokar Saturn V, mai tsawon mita 110, zuwa wurin harbawa, mutane a gefenta ƙanana ƙanana. Bayan an tashi ana faɗin bugun zuciyar mutanen uku: Neil Armstrong 110, Michael Collins 99, Buzz Aldrin 88. Wurin sauka kan wata kuma ba a yanka hoton ba. Kyamara ɗaya ce daga tagar kumbon, a gefen allo ga lissafin tsayi yana raguwa, ga na mai yana ƙarewa, kwamfutar kumbon tana ta ƙarar gargaɗi mai lamba 1202. Ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta gane cewa mai ya kusa ƙarewa kuma ba a sauka ba.

Illarsa biyu. Fim ne da aka yi don babban allo, a kan waya rabin daɗinsa ya tafi, kuma idan aka matse shi ya koma ƙaramin fayil sai ya zama kamar kowane tsohon hoto. In za ka karɓa, karɓi mai nauyi, wanda ya kai giga ɗaya ko fiye, ka jira daren da akwai wuta ko batirin sola ya cika, ka sa a tele. Na biyu, ba ya koyar da tarihi. Ba zai gaya maka dalilin da ya sa aka je ba, ko waɗanda suka mutu kafin a kai ga zuwa, ko abin da Rasha ke yi a lokacin. Kwana takwas ne kawai na tafiya ɗaya.

For All Mankind, na Al Reinert, 1989, ɗan'uwansa ne a tsari, sai dai ya kwaso hotuna daga tafiye-tafiyen Apollo daban-daban ya ɗinke su kamar tafiya guda. Yana da kyau a ido, amma ɗalibin da ke neman sanin wa ya yi me a wace shekara zai ruɗe. A kula kuma: akwai wani shiri mai dogon zango na Apple da ya fara a 2019 da wannan sunan, ƙagaggen labari ne inda Rasha ta riga Amurka sauka kan wata. Mai tura fim ba zai bambance maka ba, suna kawai ya gani.

Mai son tarihin da kansa, Chasing the Moon zan nuna masa, na Robert Stone, shi ma 2019. Kashi uku ne, wajen awa shida. Tashar PBS ta Amurka ce ta nuna shi, kuma tashar Arte ta nuna shi da Faransanci a wannan shekarar, abin da ya sa ya fi sauran dacewa da mu. Wajen nema ka duba ko an rubuta VF a jikin sunan fayil ɗin, wato an sa masa muryar Faransanci. VOSTFR kuwa muryar asali ce da fassara a rubuce a ƙasan allo, wadda a kan ƙaramar waya sai ka matse ido. Fim ɗin ya fara tun daga tauraron Sputnik da Tarayyar Sobiyet ta harba ran 4 ga Oktoba 1957, ya bi firgitar da Amurka ta yi, da alkawarin da shugaba John Kennedy ya ɗauka a 1961 na kai mutum wata kafin ƙarshen shekarun 1960, da gobarar Apollo 1 da ta kashe mutum uku a ƙasa a Janairun 1967. Abin da ya sa na fifita shi shi ne bai wanke kowa ba. Wernher von Braun, wanda ya jagoranci ƙera Saturn V, ya yi wa gwamnatin Hitler rokar V-2 kafin Amurka ta ɗauko shi, kuma fim ɗin bai ɓoye ba. Ya ba Ed Dwight fili, matuƙin jirgin yaƙi baƙar fata da aka sa a horo a zamanin Kennedy aka yi ta yayata shi, daga baya ba a zaɓe shi ba. Dattijon nan sai a watan Mayun 2024, yana da shekara 90, ya samu ya leƙa sama na 'yan mintoci a kumbon kamfanin Blue Origin. Har ɗan shugaban Sobiyet Nikita Khrushchev, Sergei, an ji ta bakinsa.

Awa shida ba wasa ba ce. Ba fim ɗin fada ba ne inda ake kallo ana zuba shayi ana gardamar ƙwallo. Kashi ɗaya a dare, kai kaɗai ko da mutum biyu masu haƙuri. When We Left Earth, na tashar Discovery, 2008, kashi shida, ya fi shi sauri kuma ya wuce wata har zuwa jiragen Shuttle da na'urar hangen nesa ta Hubble, amma yabon NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ya yi masa yawa. Ga yaron koleji ya isa.

Duk waɗannan kuwa, in ka tsaya a kansu kaɗai, kamar ka ji labarin kokawar takobi ne daga bakin makaɗin wanda ya yi kaye. Za ka ɗauka Amurka ce ta fara komai. Gaskiyar ita ce Sobiyet ce ta fara harba tauraron ɗan'adam, ita ta fara kai mutum, Yuri Gagarin, ran 12 ga Afrilu 1961, ita ta fara kai mace, Valentina Tereshkova, a 1963, ita ta fara fitar da mutum daga cikin kumbo, ita kuma ta fara kafa tasha a sama a 1971. Don haka duk wanda kuɗinsa ya isa fim biyu, na biyun ya zama Cosmonauts: How Russia Won the Space Race, na BBC, 2014, wajen awa ɗaya da rabi. A ciki Alexei Leonov da bakinsa yake ba da labarin ranar 18 ga Maris 1965, da ya fita waje na minti 12, rigarsa ta kumbura har ya kasa komawa ta ƙofar da ya fito, sai da ya saki iskar rigar da hannunsa, abin da ka iya kashe shi. Za ka ga Sergei Korolev, injiniyan da ya yi zaman sansanin gwale-gwale a zamanin Stalin, daga baya ya zama uban shirin sararin samaniyar Sobiyet gaba ɗaya, aka ɓoye sunansa har ya mutu a Janairun 1966. Bayan mutuwarsa babbar rokarsu ta zuwa wata, N1, sau huɗu ana harba ta sau huɗu tana tarwatsewa, sai suka juya ga zaman dogon lokaci a sama, har Valeri Polyakov ya yi kwana 437 a tashar Mir. Hoton fim ɗin bai kai na Amurkawa kyau ba, kuma yana buƙatar fassara ga wanda ba ya jin Ingilishi, amma a nawa ganin shi ya fi kowanne ƙara wa mutum abin da bai sani ba.

Akwai First Orbit na 2011, kyauta yake a YouTube. An ɗauki hoton duniya daga Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa a kan hanyar da Gagarin ya bi cikin minti 108, aka ɗora muryarsa ta ainihi. Tunanin ya yi kyau, sai dai wani dogon ɓangare duhun dare ne a saman teku. Kyauta ce ga mai wifi, ga mai forfe tsada ce. Manhajar NASA+ ma ba a biyan kuɗin shiga tun da aka buɗe ta a 2023, ita ma megarka za ta ci.

Ba a cika tsayawa a kanmu a waɗannan fina-finai ba, alhali maganar ta zo har ƙofar gida. A farkon shekarun 1960 NASA tana da tashar bin diddigin kumbo a Kano, nan kudu da mu, kuma tana cikin tashoshin da suka bi John Glenn ran 20 ga Fabrairu 1962 lokacin da ya zagaya duniya sau uku. Baƙar fata na farko da ya je sama ba Ba'amurke ba ne, ɗan Kuba ne, Arnaldo Tamayo Méndez, a kumbon Sobiyet a 1980. Guion Bluford na Amurka sai 1983. Musulmi na farko Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ne, a 1985. Malamin da zai nuna wa ɗalibai fim, shi zai cike wannan da bakinsa. Mai son labarin baƙaƙen fata a NASA ya nemi The Space Race na National Geographic, 2023, kada ya haɗa shi da Space Race na BBC, 2005, wanda 'yan wasa ne suka fito a matsayin Korolev da von Braun.

Yanzu ga wanda zan ja kunne a kai, tunda da Faransanci yake kuma guntayensa na yawo a WhatsApp. Opération Lune, na William Karel, Arte ta nuna shi a 2002. Yana nuna wai gwamnatin shugaban Amurka Nixon ta sa mai shirya fina-finai Stanley Kubrick ya shirya hotunan sauka kan wata a ɗakin ɗaukar fim. Ga manyan jami'an gwamnatin Amurka, Henry Kissinger da Donald Rumsfeld, suna magana, ga matar Kubrick, ga Aldrin kansa, dole mai kallo ya yarda. To, da gangan aka shirya ƙaryar don a gwada yadda tele ke iya yaudarar mutane. An yanko maganganun manyan ne daga inda suke aka liƙa inda ba nan suke nufi ba, wasu shaidun kuma 'yan wasa ne, kuma a ƙarshen fim ɗin ana nuna su suna tuntuɓen harshe suna dariya. Masu yaɗa shi wannan ƙarshen suke guntulewa. Idan an tura maka, ja shi zuwa mintocin ƙarshe ka gani ko suna nan.

In kuwa a fadarku akwai mai rantsuwa cewa ba a taɓa zuwa wata ba, kuma kowace fada tana da nata, fim ɗin da za a sa masa In the Shadow of the Moon ne, na David Sington, 2007. Nan dattawan da suka je ne ke magana, fuska cike da allo: Aldrin, Collins, Alan Bean, Jim Lovell, Gene Cernan, Charlie Duke da wasu. Armstrong bai shiga ba. Collins, wanda ya zauna shi kaɗai a kumbo yana zagaya wata yayin da abokansa biyu ke ƙasa, shi ya fi kowa ban dariya. A ƙarshe an tambaye su batun masu musu, Duke ya ce sau tara aka je, in ƙarya ce me zai sa a yi ta har sau tara. Haka lissafin yake: tafiya tara tsakanin 1968 da 1972, sauka shida, mutum 12 suka taka, aka dawo da duwatsu da ƙasa kilo 382. Da yawa daga masu maganar sun rasu, Cernan a 2017, Bean a 2018, Collins a 2021, ba za a sake yin irinsa ba. Amma hira ce tsantsa, kada ka karɓa babu fassara. Shi ma yana da takwara, wani fim ɗin 'yan sanda na Netflix, 2019.

Sauran na masu sha'awa ta musamman ne. Challenger: The Final Flight, kashi huɗu a Netflix, 2020, a kan jirgin da ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi ran 28 ga Janairu 1986 da mutum bakwai, ciki har da malamar makaranta, injiniyoyi sun yi gargaɗi cewa sanyi zai hana robar da ke toshe mahaɗar rokar aiki, manya suka ce a tashi. Ɗaliban injiniya a Jami'ar André Salifou su ne ya kamata su fara kallonsa. The Farthest, na Emer Reynolds, 2017, babu mutum a cikin kumbon, labarin kumbunan Voyager guda biyu ne da aka harba a 1977 ɗauke da faifan zinariya mai gaisuwa cikin harsuna 55, akwai Larabci babu Hausa. Mai son Faransanci tsantsa ba tare da fassara ba yana da 16 levers de soleil, 2018, a kan wata shidan da ɗan sama jannatin Faransa Thomas Pesquet ya yi a tashar sama, sai dai wannan rayuwar yau ce, ba tarihi ba. Apollo 13 na 1995 da Tom Hanks kuwa wasan kwaikwayo ne a kan abin da ya faru da gaske, mai kyau, amma ba dokumentari ba.

Idan memorin ba ta ɗaukar fiye da biyu, Chasing the Moon na Faransanci da Cosmonauts zan ce. Idan don a tara iyali ne a tsakar gida bayan sallar isha'i, Apollo 11. Kowanne ka zaɓa, faɗa wa mai turawa shekarar fim ɗin tare da sunansa, kuma kada ka bar shagon sai ka buɗe fayil ɗin, ka ji harshen da ake yi a farko, ka ja zuwa tsakiya ka ga ko murya na tafiya daidai da baki.