Rumfar salanga a kasuwar Kusiri

Masu tambayar inda zasu samu kifin salanga mai kyau, akwai wata Hajiya a layin 'yan kifi na kasuwar Kusiri ta Kamaru, gaskiya kayanta ba laifi. Busasshe ne ƙarau, in ka karya sai kaji ƙas, ba yashi ba ƙwari a ciki, kuma mai yana fita sosai a miyar kuka.

Tsada kam akwai, nayi ƙorafi tace "Alhaji ai ruwa ne ke yanka farashi ba ni ba". Kuma haka ne wallahi, kifin nan daga Tafkin Chadi yake hawowa kogunan Logone da Shari lokacin cikar kogi wajen Agusta zuwa Satumba ya zuba ƙwai, 'ya'yan kuma sai ruwa ya malale fadama suke samun abinci da ciyawar ɓuya daga manyan kifaye, in ya janye da wuri a kududdufi suke ƙarewa. Dam ɗin Maga da aka gina 1979 ma ya rage malalar.

Abu ɗaya dai, bata karɓar kuɗi ta waya (Orange Money), ku taho da sefa a hannu, da safe kafin 'yan Njamena su tsallako su kwashe.