Solver na Excel, OpenSolver ko na kuɗi: wanne zai ɗauki lissafin kasuwancinka?

Kayan aiki ƙayyadaddu ne, awannin ma'aikata ma haka, kuma mai kamfani yana son sanin nawa zai ƙera daga kowane irin kaya don riba ta fi tsoka. Manhajojin warware lissafi na Excel da 'yan uwansa don irin wannan tambaya aka yi su. Kafin ka zaɓi ɗaya, balle ka cire kuɗi, ƙirga guraben da kake son kwamfuta ta cike maka da kanta. Wannan adadi shi ke raba gardama.

Solver ɗin da ke zuwa da Excel, wanda kamfanin Frontline Systems ya haɗa, a ɓoye yake sai ka kunna shi ta Add-ins. Iyakarsa gurabe 200. Ga mai tsara kaya iri goma ko mai raba kuɗin talla, wannan ya isa har da rara. Amma ɗauki lissafin jigila: rumbunan ajiya 10, shaguna 25, kowane rumbu yana iya kai wa kowane shago. Gurabe 250 ke nan, Solver zai ce aikin ya fi ƙarfinsa. Haka ma kaya iri 20 da aka tsara na wata 12.

Hanyoyi uku yake da su, kuma nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Simplex LP, wadda ta samo asali daga aikin George Dantzig na 1947, tana aiki ne idan lissafin miƙaƙƙe ne, wato riba da kayan aiki suna hawa daidai da yawan abin da aka ƙera. In ta ba ka amsa, babu wadda ta fi ta. GRG Nonlinear kuwa, ta lissafi mai lanƙwasa (wanda ba miƙaƙƙe ba), tana iya hawa ƙaramin tudu ta tsaya, tana zaton kan dutse ta kai, don haka a gwada ta daga mafari daban-daban. Evolutionary lalube ce, ga jinkiri, ba ta kuma ba da tabbaci. Yawanci mutum da hannunsa yake jefa kansa cikinta, ta hanyar ɗora dabarun lissafi na Excel irin su IF da VLOOKUP a kan guraben da ake nema. Wanda ya tsaya a kan SUMPRODUCT, mai ninka lambobi ya tara su, ya huta.

Abin da na fi ganin darajarsa a Solver shi ne Sensitivity Report. Yana gaya maka, misali, in ka ƙara awa ɗaya ta aiki ribarka za ta ƙaru da nawa. In sifili ya nuna, ƙarin awa ba zai tsinana maka komai ba, cikas ɗin yana wani wurin. Sai dai da zarar ka ce amsa ta fito ba gutsure, tunda ba a ƙera rabin kujera, wannan rahoton ba zai fito ba. A duba saitin Integer Optimality kuma, domin a kan kashi 1 cikin ɗari yake zuwa, wato yana iya tsayawa a kan amsar da ta kusa mafi kyau. Mayar da shi sifili.

In gurabenka sun haura 200 kuma lissafin miƙaƙƙe ne, OpenSolver ne zaɓina. Andrew Mason na Jami'ar Auckland ya samar da shi, kyauta ne, yana amfani da injin warware lissafi mai suna CBC, bai sa iyakar gurabe ba, yana kuma karanta tsarin da ka riga ka gina a Solver. Akwai na Google Sheets ma. Wasu ofisoshi dai ba sa barin ma'aikaci ya ɗora ƙarin manhaja a kwamfutar aiki, sai a tambaya tukuna.

LibreOffice Calc, wata manhaja irin Excel, yana da nasa a ƙarƙashin Tools, kyauta, ya kuma wadatar ga ɗalibi mai atisaye.

Na kuɗi, irin su Analytic Solver na Frontline da What'sBest! na LINDO Systems, na mai lissafi ne babba kuma mai lanƙwasa, ko mai buƙatar wanda zai kira in abu ya cije. Kada ka biya sai ka nemi na gwaji, ka ɗora masa ainihin fayil ɗin kamfaninka, ka kwatanta amsarsa da lokacin da ya ɗauka da na OpenSolver.