Kyoritsu 4105A: sharhi kan mitar gwajin atin

Masu wayarin da yawa a wajenmu suna kafa sandar atin, wato ƙarfen da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, su zuba gawayi da gishiri, su rufe rami su tafi, ba tare da sun auna komai ba. Mitar da na fi amincewa da ita wajen wannan awon ita ce Kyoritsu 4105A. Kamfanin na Japan ne, Takeo Kuramoto ya kafa shi a Tokyo a 1940, kuma ragamarsa ta ci gaba da zama a hannun gidan Kuramoto. Sana'arsu ke nan tun asali, kayan awon lantarki, ana kuwa ganin haka a jikin mitar: babu tarkacen da ba a bukata.

A jakar akwai wayoyi uku da turakun ƙarfe biyu. Koriya mita 5 ce, tana zuwa ramin E na jikin mitar, a maƙala ta a sandar atin. Rawaya mita 10, tana zuwa ramin P, a maƙala ta a turken kusa. Ja mita 20, tana zuwa ramin C, a maƙala ta a turken nesa. Turakun a kafa su a layi ɗaya da sandar, tazarar mita 5 zuwa 10 tsakanin kowanne. Kafin komai a cire wayar da ta haɗa sandar da gidan, in ba haka ba wasu hanyoyin ƙasa za su shiga lissafin, lambar ta fito ƙarama, a yi murna a banza. Sannan a duba wutar da ke yawo a ƙasar. Idan ta haura bolt 10, a kashe kayan da ke kusa tukuna. Sai a fara da zangon om 2000 (om shi ne ma'aunin turjiyar da atin ke yi wa wuta), a sauko 200, a sauko 20.

Inda ake shan wahala shi ne rani. Ƙasa ta bushe ƙayau, turken ba ya kama ta, sai ɗigo-ɗigo su bayyana a fuskar mitar maimakon lamba. Ba lalacewa ta yi ba. Bokitin ruwa a gindin kowane turke yana warware matsalar. Amma kada a jiƙa gindin sandar da ake gwadawa, wannan ha'inci ne, don lambar da za ta fito ba ita ce gaskiyar wurin ba. A kan siminti kuwa, a kwantar da turken a rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Wutar da take turawa miliyamfa 2 ce kacal, ba ta fizge birekar kariya. Batir shida ƙanana take ci, suna kuma daɗewa, sai dai a cire su idan za a ajiye ta, don zafi yana sa su yoyo.

Abin da na ƙi a jikinta: wayoyin sun yi gajarta. Ga sanda ɗaya ta gida sun isa. Ga taransifoma ko hasumiyar sadarwa mai sanduna da yawa, mita 20 ba ta fitar da turken daga da'irar atin ɗin, awon ya zo da ƙarya. Dole a ƙara waya, a sa turken P wajen kashi 62 cikin ɗari na nisan C, a matsa shi gaba da baya a sake aunawa. Idan lambar na tsalle, a ƙara nisa. Ba ta kuma ajiye sakamako, sai a riƙe littafi da biro a rubuta lambar, da ranar, da yanayin ƙasar.