Na sa Pi-hole a shagona don ya riƙa rubutawa kawai, ga abin da na gani

Ina da ɗan shagon kwamfuta a Kano, inda muke yi wa mutane rajistar JAMB da NECO da biyan kuɗi ta Remita. Data ce ta addabe ni. Abin da ya saba kai mu wata sai ya riƙa ƙarewa cikin mako biyu, ni kuma duk zargina ya tafi kan yaron shagona, don kullum waya na hannunsa. Har faɗa na yi masa a gaban kwastoma.

Da farko so na yi a toshe komai. Sai na tuna lokacin rajista ne, idan aka yi kuskure aka toshe shafin biyan kuɗi, ni zan kwana ciki. Shi ya sa na ce wa mai saita mana na'urori ya ɗora Pi-hole, wata manhaja mai toshe shafukan intanet, a kan wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ake kira Raspberry Pi, amma ya kashe toshewar gaba ɗaya, ya bar shi yana rubuta duk shafin da aka nema. Manhajar kyauta ce, kuma akwai maɓallin kashe toshewa har sai ka mayar da kanka.

Wallahi abin da na gani ya kashe min jiki. Ƙarfe takwas muke rufe shago, yaron ya tafi gida, amma inbata na barin rauta a kunne. Daga sha ɗaya na dare har wajen biyu, ga sunayen wayoyi guda shida da ban sani ba, TikTok da YouTube da wani shafin caca suna ta bi da bi. Ashe lambar sirrin wayifai ɗinmu ta zagaye layin. Da toshewa na yi tun farko, da sun koma wasu shafukan, ni kuma in ci gaba da hararar wanda bai ci ba bai sha ba. Washegari na kira shi na ce, "Ka yi haƙuri, na ɗauki alhakinka." Ya ce, "Ba komai Oga," amma na ga abin ya daɗe yana cin sa.

Sai dai har yanzu ina jin haushin mai saitawar. Makon farko a banza ya tafi. Maimakon ya sa rauta ta raba wa kowace na'ura adireshin Pi-hole, sai ya bar komai yana bi ta rautar, abin da Pi-hole ke rubutawa ya nuna kamar mutum ɗaya ne ke shiga ko'ina. Na kira shi ya fi sau biyar kafin ya zo, kuma sai da ya sake karɓar kuɗin mota. Bai kuma gaya min cewa idan na'urar ta mutu intanet ɗin shagon gaba ɗaya zai tsaya ba. Ranar da batirin inbata ya sauka muka tashi injin, an manta ba a jona ta ba, muka yi awa guda muna neman matsala, mutane na jira.

Kuma mai son saka shi ya sani, sunan shafi kaɗai yake nunawa, ba bidiyon da aka kalla ko yawan megabait ba. Wayar da aka kunna wa Private DNS kuwa, wato saitin da ke sa ta nemi shafuka ba ta hanyar Pi-hole ba, tana wucewa ba ta bar sawu. Ni dai na canza lambar sirri, na manna takarda a bango cewa ana rubuta shafukan da aka shiga, toshewar kuma har yau ban kunna ta ba.